Rijiyar Tauke Phang

Da labari ya bazu cewa babban manajan kamfanin Phang zai ajiye aiki saboda zuciyarsa ta fara gardama, kowa ya hau sama ya yi masa sannu da fuskar tausayi, sannan ya sauko yana auna kujerarsa a zuci. Ilango Sinniah ma ya hau. Ya riƙe hannun tsohon, ya ce masa ya rage gishiri, ya fito. Shi bai tsaya wani hasashe ba, don a ganinsa babu abin hasashe. Shekararsa ashirin da ɗoriya a kamfanin. Ya shigo tun motocin sanyi ba su cika yatsun hannu ba, tun Tauke Phang, maigidan da ya mallaki kamfanin, da kansa yana tuƙa guda zuwa tashar jiragen ruwa ta Klang ya ɗauko kifi. Yanzu motocin sun yi yawan da sai da lamba ake gane su, kuma shi ne shugaban sashen jigila. Kujerar nan tasa ce, abin da ya rage kawai a faɗa da baki.

Ba aiki kaɗai ya zuba ba. Ilango ya koyi yaren Kanton na Sinawa, yaren su Tauke, har yana zagi da shi ba tare da ya tsaya tunani ba. Ya koyi cin abinci da tsinke har yana ɗaukar ƙwayar gyaɗa ba ta zame masa. Duk sabuwar shekarar Sinawa shi ne na farko a ƙofar Tauke da lemo biyu a hannu. Da mahaifin Tauke ya mutu, ya tsaya a gaban wuta yana ƙona kuɗin bogi na takarda da Sinawa ke ƙona wa mamaci har gashin hannunsa ya babbake. Indiyawa 'yan uwansa da ke ƙarƙashinsa kuwa, direbobi da masu lodi, ya fi matsa musu a kan kowa, kada a ce ya ja nasa. Suna da sunan da suke kiransa da shi a bayan ido, shi ma ya san sunan. Bai dame shi ba, ya ɗauka kuɗin mota ne da dole mai tafiya ya biya.

Mutum ɗaya ne ake ambata tare da shi, Desmond Liew, shugaban sashen talla. Yaro ne ɗanye, bai daɗe da dawowa daga Ostireliya ba, ya zo da takalmi mai tsini da kalmomin da sai ya faɗa sau biyu. Ba mugu ba ne. Da ma mugu ne, da Ilango ya fi jin daɗin tsanarsa.

Ranar Litinin Tauke ya tara manya a ɗakin taro. Ya tsaya ya dafa tebur da hannu biyu, yadda yake yi idan zai faɗi abin da ya riga ya faɗa sau ɗari.

"Kun dai san ni," in ji shi. "Ni ban san fata ba. Kamfanin nan gida ɗaya ne. Ga Datuk nan."

Datuk Hairuddin, Bamalayen da ke riƙe da sunan shugaban kamfani, wanda aikinsa shi ne ya zo ya sa hannu idan ana neman kwangilar gwamnati, ya ɗago kai daga wayarsa ya yi murmushi, ya mayar.

"Ga Lango nan. Ga mu nan. Duk wanda ya ga hotonmu a kalanda ya san ba mu da wariya. To don kada gobe wani ya ce na yi son kai, ba ni zan zaɓa ba. Sifu Tham ne zai duba. Taurari ba su san Basine ba, ba su san Ba'indiye ba."

Babu wanda ya yi mamaki. Sifu Tham, mai duban da Tauke ba ya ƙetare maganarsa, shi ne ya sa aka karkata ƙofar shiga har sai mutum ya shigo a kaikaice. Shi ne ya sa akanta ya juya wa taga baya. Ko injin ƙanƙara ba a saya sai ya ba da rana. Ilango kuwa daɗi ma ya ji. Karo na farko ke nan za a ɗora shi a kan ma'aunin da ba ya kallon fuska.

Da rana Madam Foong, sakatariyar Tauke, ta tsaya a bakin ofishinsa tana goge tabarau da gefen riga.

"Shekara da wata da rana duk ina da su a katinka. Sa'a nake so, zan kai wa Sifu."

"Wace sa'a, Yaya Foong?"

"Wadda ka faɗo duniya mana. Desmond har da minti ya kawo, asibiti suka rubuta masa."

"Sai na tambayi tsohuwa."

"To ka tambaya kafin Jumma'a. Ka ji mutum, ya yi furfura bai san lokacin da aka haife shi ba."

Tsohuwar tana zaune wurin ƙanwarsa a Kapar, a wani gidan gwamnati mai hawa da yawa wanda na'urar hawansa ta mutu tun bara. Ya same ta a gaban talabijin ta miƙe kumburarrun ƙafafunta a kan kujera, tana zagin wata mata a cikin fim. Ya ajiye ledar ayaba, ya zauna a ƙasa kusa da ita.

"Ma, da wane lokaci kika haife ni?"

"Ka ci abinci?"

"Na ci. Da wane lokaci?"

Ta rage ƙarar talabijin, ta dube shi sama da ƙasa. "Ɗan nan, aure za ka ƙara? Matarka ta sani?"

"A ofis ake nema."

"Su da suka ajiye ka shekara ashirin, sai yanzu suke shakkar an haife ka?"

Ya ƙyale ta. Ya san in ya matsa mata sai ta ɗauko labarin tun daga kakarta.

"Na fita gonar roba tun da duhu, da fitila a goshi," ta ce. "Na tsaga itatuwana kaf. Ina cikin kwashe ruwan robar abin ya taso min. Muniamma, abokiyar aikina, ita ta ja ni zuwa rumfar awo. Heluma yana ta ihu wai na zubar masa da bokiti, ni kuwa ina zagin ubanka."

"To rana ta yi sama?"

"Wa ya ga rana? Hadari ya haɗu, shi ya sa muke sauri."

"An kaɗa ƙararrawa?"

"An kaɗa wata. Ko ta awo ce ko ta tashi, oho. Ni da nake ta kaina?"

"Ranar da ke kan katina fa, ita dai daidai ce ko?"

Tsohuwa ta yi dariya har sai da ta yi tari. "Wace rana? Ubanka sai da aka yi albashi ya shiga gari rubuta ka. Ya biya ta rumfar bammi tukuna. Da malamin ofis ya tambaye shi yaushe aka haifi yaron, ya ce yau. Lokacin kai har ka fara murmushi." Ta miƙa hannu ta shafa kansa. "Ka ce musu lafiya lau aka haife ka, da gashi cike da kai. Me kuma suke so?"

Ya sauko matakalar gidan a hankali, ya shiga mota ya zauna bai tayar ba. Ya zo neman sa'a, ga shi zai koma ba shi da ko rana. Ya nemi haushi a ransa, na uban ko na heluman ko na malamin ofis, bai samu ba. Wurin fayau yake. Can sai wani tunani ya shigo masa ba sallama: tunda ranar ƙarya ce, kuma da ita ya yi makaranta, da ita ya yi aure, da ita zai yi ritaya, to ƙarin sa'a ɗaya a kanta ba zai karya komai ba. In kuwa zaɓa za a yi, ba wawa ba ne da zai zaɓi maras kyau.

Washegari ya je unguwar Pudu, wurin wani mai duba da ya ga tallarsa a waya. Sama da shagon gyaran waya yake, ɗaki ɗaya da fanka. Ilango ya yi zaton zai ga tsoho mai gemu, sai ya tarar da wani matashi mai suna Ken, gashi ya sha mai, yana zuƙar shayi mai ƙanƙara a gaban kwamfuta.

"Zauna, Kawu. Aure, ciwo, ko kotu?"

Ilango ya yi bayani a taƙaice, yana kallon fanka.

Ken bai ko ɗaga gira ba. "Ba kai ne na farko ba. Da wa za a gwada ka?"

"Phang, mai motocin sanyi."

"Af, Phang! Ai duk mai sana'ar nan ya san taurarin Phang. Wuta ce tsagwaronta. Me kake tsammani ya kai shi sana'ar ƙanƙara? Ruwa yake nema ido rufe." Ya shigar da ranar katin Ilango, ya fara bin sa'o'i goma sha biyu na lissafin Sinawa, masu sunayen dabbobi, ɗaya bayan ɗaya. "Sa'ar doki, kada ka kusance ta, wuta a kan wuta, ku biyun za ku ƙone. Ta zakara ba yabo ba fallasa. Ta alade, to, wannan ruwa ce, ta yi kyau. Ta ɓera..." Ya ajiye kofin. "Kai! Kawu, zo ka gani. Ruwa har wuya. Wannan in Phang ya gani sai ya rungume ka."

Ilango ya leƙa. Bai ga komai ba sai rubutun Sinawa da ɗigo-ɗigo masu launi.

"Akwai wadda ta fi ta?"

"Babu. Amma in da ni ne, ta aladen zan ɗauka. Daidai take, ba ta jan ido."

"Wacce ce ta ɗaya?"

"Ta ɓeran."

"Ba ni ita."

Ken ya ɗaga kafaɗa. Ilango ya ajiye masa kuɗi a jar ambulan a gefen kwamfuta, ya sauko. A ransa ya ce ya yi shekara ashirin yana ɗaukar abin da ba ya jan ido, ya isa haka.

Ranar duba, aka share teburin taro aka shimfiɗa jan ƙyalle. Sifu Tham ya zo da faifansa mai allura a tsakiya, tsoho ne siriri, rigarsa ta yi masa yawa. Tauke yana gefensa, Datuk yana can ƙarshe da wayarsa, Madam Foong tana zuba shayi. Ilango da Desmond suna zaune kafaɗa da kafaɗa kamar yaran da aka kira ofishin hedimasta.

Aka fara da Desmond. Sifu ya ƙirga gaɓoɓin yatsunsa, ya gyaɗa kai. "Itace ne. Ɗanye ne tukuna, amma yana da tsawo a gaba. Itace yana ciyar da wuta. Ba laifi."

Ba laifi kawai. Ilango ya ji sanyi a ransa.

Sai aka zo kansa. Sifu ya duba, ya sake dubawa. Ya cire tabarau ya goge, ya mayar. Datuk yana ta latse-latsen wayarsa. Daga nan tsohon ya miƙe tsaye, ya ɗan rusuna wa Ilango, abin da ba a taɓa ganin ya yi wa ko Tauke ba.

"Tauke, tun yaushe mutumin nan yake wurinka?"

"Tun ina da mota biyar."

"Kafin ya zo fa?"

"Ina ta fama."

"To ka gani. Wannan ba ma'aikaci ba ne. Rijiya ce. Duk arzikin da kake gani a gidan nan, daga ƙarƙashinsa yake ɓuɓɓugowa."

Ilango ya ji ƙirjinsa ya cika. Ya saci kallon Desmond, ya ga yaron yana kallon takalminsa mai tsini. Har ya fara shirya abin da zai ce, gajere, mai tawali'u, da yaren Kanton.

"To sai a kai shi sama ke nan," in ji Tauke.

"Sama?" Sifu ya zaro ido. "Ka taɓa ganin an ɗauki rijiya an hau da ita bene? Ruwa in ka ɗaga shi zubowa yake yi, kuma a kanka zai zubo. Ofishin babban manaja yana kudu, kusurwar wuta. Ka kai shi can, ko ya ƙafe, ko ya kashe maka wutarka gaba ɗaya. A bar shi a ƙasa. In da hali ma a ƙara saukar da shi, a kai shi arewa." Ya nuna Desmond da haɓa. "Itacen nan shi za a dasa a sama, rijiya tana shayar da shi daga ƙasa. Ban taɓa ganin gidan da ya dace irin wannan ba."

Tauke ya sauke ajiyar zuciya, ya dubi Ilango da idon ƙauna.

"Ni dai wallahi ban yarda da waɗannan abubuwan ba," in ji Datuk, yana mayar da waya aljihu, "amma maganar ta yi ma'ana. Ina zan sa hannu?"

Aka yi tafi. Ilango ya ga hannunsa ya tashi ya kama na Desmond, ya ji bakinsa yana cewa barka. Duk abin ya zo masa daga nesa, kamar rediyon maƙwabta. Ya jira baƙin ciki ya zo, ya ba shi hanya ma, bai zo ba. Abin da ya lura da shi kawai shi ne shayin ya huce.

Cikin mako guda aka sauko da teburinsa hawa na ƙasa, kusurwar arewa, jikin bangon ɗakin sanyi, tsakanin ɗakin masu gadi da makewayi. Aka shafa wa bangon shuɗin fenti. Aka kawo tankin gilashi da baƙaƙen kifaye aka ajiye a damansa. Aka buga masa sabon kati mai ruwan zinariya, an rubuta Babban Mai Ba da Shawara na Musamman, aka kuma ƙara masa albashi. Matarsa ta ɗauki hoton katin ta tura wa dangi har na Ipoh, ta dafa shinkafar biriyani da naman rago. Ya ci, ya ce ya yi daɗi, bai yi mata bayani ba.

Sannan aka fara zare masa aiki, cikin ladabi. Rijiya ba ta yawo, don haka ya daina zuwa tashar jiragen ruwa. Rijiya ba a dama ta, don haka aka daina turo masa rigimar direbobi. Sifu ya ce kada kujerar ta daɗe babu kowa a lokacin aiki, sai Madam Foong ta fara sauko masa da abincin rana da kanta.

"Ci a nan, Lango. Tauke ya ce in kana son wani abu a waje a aika."

"In fitsari ya kama ni fa, Yaya Foong?"

"Ai shi ya sa aka ajiye ka kusa."

Ba wasa take yi ba. Madam Foong ba ta san wasa ba.

Ma'aikata suka mayar da kusurwar hanya. Mai zuwa neman ƙarin girma sai ya biyo ya shafi gefen teburin. 'Yan sashen talla suna ajiye masa lemo kafin su fita neman ciniki. Wata akanta mai neman haihuwa ta roƙe shi ya taɓa mata jaka. Masu lodi 'yan Nepal suna tsayawa daga nesa su haɗa hannu. Direbobi Indiyawa, waɗanda ya sha yanke wa alawus, su ne suka fi jin daɗin abin. Sukan leƙo ta taga da safe.

"Yaya babba, a ɗan sam mana ruwa mana, mota ta yi zafi!"

"Yaya, wace lamba ce za ta fito a caca ran Asabar? Ka leƙa ciki ka gano mana!"

A da, kallo ɗaya zai yi musu su watse. Yanzu sai ya ɗaga musu hannu. Wata rana ma ya faɗa wa ɗaya lambar motarsa, don dai ya tafi, lambar kuwa ta kusa fitowa, daga nan layin ya ƙaru.

Da farko Desmond yakan sauko da littafi a hannu, ya tsaya a gaban teburin cikin girmamawa, ya tambayi yadda ake yin kaza da kaza. Ilango ya yi ta jiran ranar da komai zai rikice, kifi ya ruɓe a hanya, a zo a durƙusa masa. Ranar ba ta zo ba. Yaron ya koya, ya kawo wata na'ura mai nuna inda kowace mota take, ya daina saukowa. Motoci suka ci gaba da fita da asuba suna dawowa da yamma. Wannan ne ya kamata ya fi yi masa ciwo, ya kuma san haka, sai dai sanin bai wuce kansa ya sauka ƙirji ba. Yakan zo da safe, ya zuba wa kifi abinci, ya karanta jarida tun daga shafin farko har tallar gidajen haya. Sanyin bangon yana shiga masa baya, ya sayi shuɗiyar rigar sanyi, tunda ita aka ce ya sa.

Damina ta zo ta wuce. Wata safiya, yana cikin kallon wani kifi yana bin wani, sai kawai ya miƙe. Ba wani abu ne ya faru ba. Ya hau har hawa na ƙarshe, ya wuce Madam Foong da ta buɗe baki tana nuna ƙasa da yatsa, ya ƙwanƙwasa ƙofar Tauke ya shiga.

Tauke yana zaune a gaban faifan shayinsa, yana ɗauraye ƙananan kofuna da ruwan zafi.

"Lango! Lafiya? Wa ke kan kujerar?"

"Tauke, sa'ar nan ƙarya ce. Saye na yi a Pudu. Ranar da ke kan katina ma ba tawa ba ce. A rumfar awon roba aka haife ni, uwata ba ta san ko safe ne ko rana ba."

Ya faɗa ne yadda ake karanta lambar mota. Ya yi zaton a kore shi, ya kuma ga cewa ko an kore shi ɗin, aƙalla wani abu ya faru.

Tauke ya zuba shayi a kofi biyu, ya tura masa ɗaya. "Zauna. Wurin Ken ko? Ɗan ƙanwar Sifu ne. Kana sauka daga benensa ya buga wa kawunsa waya."

Ilango ya zauna.

"Ya ce ma ya ba ka shawara ka ɗauki ta alade, ka ƙi. Na ce ai Lango ke nan, ba ya son na biyu." Tauke ya yi dariya ta jin daɗi, irin wadda uba ke yi idan ana ba da labarin ƙiriniyar ɗansa.

"Da na ɗauki ta aladen fa?"

"Da Sifu ya ga wani abu daban. Ƙarfe ya yi yawa, ko ƙasa ta yi kaɗan. Ba ya rasa abin gani." Ya kurɓi shayi. "Haba Lango, kai ma ka sani. Manyan dillalan kifi na Sekinchan, mutanen banki, surukaina da suka sa kuɗi a nan, duk suna son ka. In sun zo sai sun tambaya ina Ba'indiyen nan mai jin Kanton. Amma a ce kai ne ke riƙe da makullin gidan Phang? Ni ba ruwana da fata, kai shaida ne. Kasuwa ce ba ta waye ba. Na yi shekaru ina neman yadda zan faɗa maka, na kasa, kunyarka nake ji. Sai ga shi ka kawo min da kanka, har da biyan kuɗi daga aljihunka. Ka san irin nauyin da ka sauke min?"

Idonsa har ya kawo ruwa. Da gaske yake, abin da ya fi muni ke nan.

"To tunda kun san ƙarya ce," in ji Ilango, "a mayar min da aikina na da. Ba na neman sama. Motocina kawai."

"A'a fa!" Tauke ya ajiye kofi da sauri. "Tun da ka zauna a wurin nan manyan kwangiloli biyu suka shigo. Ciwon bayana ya tafi. Jikana ya ci jarrabawa. Ni ma na tambayi Sifu, na ce to ai sa'ar saye ce. Ya ce wadda mutum ya zaɓa da hannunsa ta fi kama shi a kan wadda aka haife shi a ciki bai sani ba. Ni ban san gaskiya ba, ban san ƙarya ba, Lango. Abin da ke aiki na sani." Ya ɗaga kai ya dubi agogon bango, fuskarsa ta canza. "Ka daɗe a nan sama. Yau ake buɗe tayin kwangilar abincin asibitoci, Desmond yana can tun safe. Don girman zumunci, ka sauka."

Ilango yana da abin faɗa. Yana da shi da Kanton, yana da shi da Malayanci, yana da wanda ya fi zafi da Tamil. Ya san yadda ake cewa na bar aikin da dukansu. Ya tuna ya haura hamsin, ya tuna 'yarsa tana tsakiyar karatun likita, ya tuna babu kamfanin da ke neman mutumin da aikinsa na ƙarshe shi ne zama kusa da kifi. Ya tuna duk wannan ba tare da ya ji komai ba, kamar yana duba kayan cikin aljihun wani. Ya ɗauki kofin ya shanye, don ba a barin shayin Tauke. Ya ƙwanƙwasa tebur da yatsu biyu alamar godiya, ya fita.

Na'urar hawa tana can ƙasa, wani ya riƙe ta. Ya danna, ya sake dannawa, ba ta taho ba. Sai ya bi ta matakala. Ya wuce sashen kuɗi, ya wuce sashen talla, ya kusa ture wata mai shara da bokitinta a kwana, bai tsaya ba ta haƙuri ba. Kujerar tana nan yadda ya bar ta, babu kowa a kai. Sai da ya zauna, ya ji numfashinsa yana fita da ƙyar, gumi yana bin bayansa a cikin rigar sanyi, sannan ya gane ashe da gudu ya sauko.